Matsalar da ke ciyar da kanta: darussa daga fassarar "vicious circle" da danginta

Duk mai fassara rahotannin tattalin arziki ko na lafiya daga Turanci zuwa Hausa ya san wasu kalmomi da ba sa mako ba su zo gabansa ba: vicious circle, downward spiral, feedback loop, catch-22, poverty trap. Gaggawar aiki kan sa a haɗa su duka a ce "matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa". Jimlar tana da daɗin ji, mai sauraro ma ba zai yi ƙorafi ba, sai dai an zubar da abin da marubucin ya zo faɗa. Matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa daɗewa kawai ta yi. Waɗannan kalmomi kuwa kowacce tana bayanin yadda matsalar ke aiki ne, da inda take samun ƙarfi, da gaɓar da za a iya datse ta. Babban abin da aikin ke koya wa mutum, mai fassara ne ko ɗalibin da ke rubuta kundin digiri da Turanci, shi ne kalmar da aka zaɓa ita ke nuna maganin da za a nema. In kalmar ta kauce, shawarar da za ta biyo baya ma ta kauce.

Akwai gwajin da ake yi kafin a taɓa ƙamus, kuma takarda da biro sun isa. A rubuta abin da ya fara faruwa, a ja kibiya zuwa abin da ya haifar, daga nan zuwa na gaba, har a kai ƙarshe. Sannan a tambaya: na ƙarshen nan yana komawa ya ƙara wa na farko ƙarfi? In bai koma ba, babu zagaye, sarƙa ce miƙaƙƙiya. Kalmominta su ne chain reaction, domino effect, knock-on effect da ripple effect. Tashin kuɗin dizal ya ɗaga kuɗin dakon kaya, kuɗin dako ya ɗaga farashin hatsi a kasuwa: wannan knock-on effect ne, domin tsadar hatsi ba ta komawa ta ƙara kuɗin dizal. Domino effect ta yi suna ne tun 1954, lokacin da shugaban Amurka Eisenhower ya kwatanta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da 'ya'yan wasan domino da aka jera a tsaye, in ɗaya ya faɗa hannun kwaminisanci sauran za su bi. Abin lura shi ne ɗan da ya faɗi ba ya tashi ya sake ture na farko. Rubuce-rubucen ɗalibai da yawa suna kiran irin wannan vicious circle, kuma kuskure ne.

In kibiyar ta koma, to an shigo gidan vicious circle. Asalinta daga ilimin mantiƙi ne, fassarar wata kalmar Latin da ke nufin hujjar da ke kafa kanta da kanta: abu kaza gaskiya ne saboda wane ya faɗa, wane kuma mai gaskiya ne saboda abu kaza ya tabbatar. Vicious a nan ba ta nufin mugunta ko cizo irin na kare, tsohuwar ma'anarta ce ta abu mai aibi. Daga baya likitoci da masana tattalin arziki suka ɗauke ta. A yau za ka ji vicious circle da vicious cycle duka, kuma babu wadda za a ce kuskure ce, sai dai circle ta riga zuwa, editocin Ingila kuma sun fi riƙe ta. Kishiyarta virtuous circle ce, inda alheri ke jawo alheri ta hanya iri ɗaya.

Misalin da ya fi fito da ita fili a asibiti shi ne ciwon kan da maganin ciwon kai ke haifarwa, wanda ake kira rebound headache ko medication-overuse headache. Mai yawan ciwon kai yana shan magani, ciwon ya lafa, ƙarfin maganin ya sake shi, ciwon ya dawo, ya ƙara sha. Ƙa'idar da likitoci ke bi ta ce in mutum yana shan maganin rage zafi na yau da kullum irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata 3, ko kuma magunguna masu ƙarfi irin masu kodin kwana 10 ko fiye a wata, to maganin kansa na iya zama mai riƙe ciwon. Wanda ya fassara wannan da "ciwon kai mai naci" ya tura mara lafiya kemis ya ƙaro magani. Wanda ya fahimci zagayen zai rubuta cewa shan maganin ne ke dawo da ciwon, kuma mafita ita ce a rage ko a daina bisa kulawar likita, tare da sanin cewa kwanakin farko ciwon zai ƙaru kafin ya sauka.

Masu nazarin tsare-tsare, tun daga Jay Forrester na jami'ar MIT a shekarun 1950, sun mayar da wannan gwaji lissafi. A kan kowace kibiya sai a rubuta ko abubuwan biyu tare suke tafiya, wato wannan ya ƙaru wancan ya ƙaru, ko kuwa saɓanin juna suke, wannan ya ƙaru wancan ya ragu. Sai a ƙirga kibiyoyin saɓani a cikin zagayen. In babu ko ɗaya, ko kuma adadinsu yana rabuwa biyu daidai, zagayen mai ƙarfafa kansa ne, reinforcing loop ko positive feedback. In ɗaya ne ko uku, zagayen mai daidaita kansa ne, balancing loop ko negative feedback. Nan ne tarkon da ya fi kama masu fassara. A ofis, positive feedback na nufin yabo daga abokan ciniki. A kimiyya ba ruwanta da yabo, kuma sau da yawa ita ce mai haɗarin. Narkewar ƙanƙara a ƙuryar arewacin duniya positive feedback ce: farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana, in ta narke ruwan teku mai duhu ya sha zafin, zafi ya ƙaru, ƙanƙara ta ƙara narkewa. Gumi kuwa negative feedback ne, jiki ya yi zafi, gumi ya fito, jiki ya huce. An sha ganin rahoton sauyin yanayi da aka fassara positive feedback a cikinsa da "sakamako mai kyau", ma'anar ta juye gaba ɗaya.

Kowa ya taɓa jin ƙarar da lasifika ke yi a wurin taro in an matso da makirufo kusa da ita. Sunanta ma feedback a bakin masu haɗa sauti, kuma tana koyar da wani abu da kalmar vicious circle ba ta faɗa. Makirufo ya ɗauki sauti, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, lasifika ta fitar, makirufo ya sake ɗauka. Wannan zagaye yana nan a kowane taro, amma ba kullum ake jin ƙarar ba. Tana tashi ne kawai in sautin da ya dawo makirufo ya fi wanda ya shiga da farko ƙarfi. In ya dawo da rauni, kowane zagaye yana raguwa har ya mutu. Shi ya sa mai haɗa sauti ba ya kashe na'ura, sai ya rage murya kaɗan, ko ya mayar da makirufo bayan lasifika, ko ya rage amon da ke ƙarar a kan mikisa. Ke nan kowane zagaye yana da iyaka, ƙasa da ita ya mutu da kansa, sama da ita ya gagara. Wannan iyaka ita ce tipping point ko threshold.

Lissafin bashi ya fi komai nuna ta. A ce mutum ya ci bashin naira 100,000 da ruwan kashi 10 cikin 100 a wata. Ruwan watan farko naira 10,000 ne. In yana biyan 8,000 duk wata, bayan watan farko ana bin sa 102,000, na biyu 104,200, na uku 106,620. Bayan wata 12 ya biya naira 96,000, amma ana bin sa kusan 142,800. In kuwa 12,000 yake biya, bayan wata 12 saura kusan 57,200, kuma a wata na 19 ya gama. Bambancin biyan naira 4,000 ne kacal a wata, amma ɗaya yana ƙasa da iyakar 10,000, ɗaya yana sama da ita. Na farkon shi ne debt trap, in kuma ya fara cin sabon bashi don biyan ruwan tsoho, ya shiga debt spiral. Mai ba da shawara da ya gane wannan zai fara neman a tsayar da ruwan ko a rage shi kafin ya ce wa mutumin ya ƙara ƙoƙari, domin ƙoƙarin 9,000 ma bai fitar da shi ba.

Wannan ya kawo bambancin circle da spiral, wanda a ganina shi ne aka fi sakaci da shi. Circle tana dawo da kai inda ka taso. Spiral kuwa kowane zagaye yana ajiye ka a wurin da ya fi na baya muni. In rahoto ya ce wage-price spiral, yana nufin ma'aikata sun nemi ƙarin albashi saboda tsada, kamfanoni sun ɗaga farashi don biyan albashin, ma'aikata sun sake nema, kuma kowane zagaye lambobin sun fi na baya. Birtaniya ta ga haka a shekarun 1970, inda hauhawar farashi ta haura kashi 24 cikin 100 a 1975. A kula da alƙiblar kalmar in ta zo a matsayin aikatau: prices are spiralling na nufin farashi na hawa, amma the economy is spiralling na nufin tattalin arziki na gangarawa. Abin da ake magana a kansa ne ke nuna sama ko ƙasa.

Death spiral ta fi zafi, kuma a harkar inshorar lafiya tana da ma'ana tsayayya. Kamfani ya ƙara kuɗin shiga, masu lafiya da ba su cika zuwa asibiti ba suka ga ba riba suka fita, aka bar marasa lafiya, kuɗin da ake kashewa a kan kowane mutum ya tashi, kamfani ya sake ƙara kuɗi, wasu suka sake fita, har tsarin ya rushe. Doom loop kuwa ta bazu ne a rikicin bashin ƙasashen da ke amfani da kuɗin yuro. Bankuna suna riƙe da takardun bashin gwamnatinsu, in darajar takardun ta faɗi bankuna su raunana, gwamnati ta ci bashi don ceto su, darajar takardunta ta ƙara faɗuwa. A Ireland daga bankuna abin ya faro: gwamnati ta tsaya musu a watan Satumban 2008, nauyin ya danne ta har ta karɓi tallafin yuro biliyan 85 a Nuwamban 2010. A Girka daga bashin gwamnati ya faro ya gangaro kan bankuna. Zagaye ɗaya ne, ƙofar shiga ce daban, kuma mai fassara ya kamata ya faɗi ta wace ƙofa aka shiga.

Self-fulfilling prophecy iri ce ta musamman, domin abin da ke juya zagayen imani ne. Masanin zamantakewa Robert Merton ne ya raɗa sunan a 1948, kuma misalinsa banki ne mai lafiya da jita-jita ta ce zai karye. Jama'a suka yi layi suna kwashe kuɗinsu, kuma da yake babu bankin da ke ajiye duk kuɗin masu ajiya a cikin akwati, sai ya karye da gaske. Sharaɗin Merton shi ne maganar ta kasance ƙarya a farko, halin da mutane suka shiga saboda ita ne ya mayar da ita gaskiya. Wannan sharaɗi na da amfani wajen tace misalai. Bankin Silicon Valley na Amurka, wanda masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 daga cikinsa a rana ɗaya, 9 ga Maris 2023, aka kuma rufe shi washegari, ya riga ya yi asara ta gaske a kan takardun bashin da ya saya. Tsoro ya hanzarta faɗuwarsa, amma ba daga iska tsoron ya zo ba, don haka bai cika misalin Merton ɗari bisa ɗari ba. Layin gidan mai da ke tashi daga jita-jitar ƙarancin fetur ya fi kusa: kowa ya cika tanki da jarkoki a yini ɗaya, man da zai kai mako ya ƙare, jita-jita ta tabbata.

Kada a fassara ta da "mugun baki" ko "baki ya kama". A can ana nufin furucin kansa ke da tasiri. A nan babu wani ɓoyayyen abu, ayyukan mutane ne ake iya bi ɗaya bayan ɗaya. Maganinta ma daga nan ya fito, wato a cire dalilin tsoron. Shi ya sa Amurka ta kafa hukumar inshorar ajiyar banki a 1933, Najeriya ma ta kafa NDIC a 1988. In mai ƙaramar ajiya ya san kuɗinsa na da lamuni, ba shi da dalilin yin sammakon layi.

Catch-22 ba ta girma, ba ta juyawa, kulle ce kawai. Ta fito daga sunan littafin ƙagaggen labari na Joseph Heller na 1961, inda dokar soja ta ce matuƙin jirgin yaƙi da ya sami taɓin hankali za a iya sauke masa aiki in ya nema, amma neman kansa shaida ce cewa hankalinsa ƙalau, don haka ba za a sauke masa ba. Siffarta ke nan: sharaɗi biyu, kowanne yana buƙatar a riga an cika ɗayan. Ba a ɗaukar ka aiki sai kana da ƙwarewa, ba ka samun ƙwarewa sai an ɗauke ka aiki. Mutane da yawa, har da Turawan, suna amfani da ita a inda dilemma ta dace. Dilemma ita ce gaba kura baya sayaki, zaɓi biyu ne duka marasa daɗi, amma kana iya zaɓa. A catch-22 babu zaɓin ma. Kuma tunda yawanci wani ne ya rubuta dokar, mafita tana hannun mai dokar: ya buɗe ƙofar horon sanin makamar aiki, ko ya karɓi wata shaida a madadin wadda ba ta samuwa. Ƙanwarta chicken-and-egg ba ta da mai doka. Mutane ba sa sayen mota mai lantarki don babu wuraren caji, 'yan kasuwa ba sa gina wuraren caji don babu motocin. Irin wannan ana warware ta ne in wani ya yarda ya fara yin asara a ɓangare ɗaya har ɗayan ya taso.

Trap kalma ce mai fuska biyu a poverty trap. A ilimin raya ƙasashe tana bin tunanin Ragnar Nurkse na 1953: ƙarancin samu ya hana tanadi, rashin tanadi ya hana zuba jari, rashin jari ya hana amfanin aiki ƙaruwa, samu ya ci gaba da zama kaɗan. A jaridun Birtaniya kuwa sau da yawa tana nufin wani abu daban, wato mai karɓar tallafin gwamnati da in ya ƙara aiki za a janye tallafin a kuma cire haraji, har ƙarin da ya samu ya tashi kusan a banza. Fassara ɗaya ba za ta ɗauki duka biyun ba. Kusa da ita akwai Matthew effect, wadda Merton ɗin nan ya raɗa a 1968 daga wata aya ta Linjilar Matiyu, don bayyana yadda sanannen masani ke kwashe yabon aikin da ƙaramin masani ya yi daidai da shi. A 1986 Keith Stanovich ya kai ta fagen koyon karatu: yaron da ya iya karatu da wuri yana jin daɗinsa, ya ƙara karantawa, ya ƙara sanin kalmomi, karatu ya ƙara masa sauƙi. Wanda ya makara yana gudun littafi, tazara ta yi ta faɗi. Zagaye biyu ne a aji ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi ya sa gyaran karatu a aji biyu na firamare ya fi gyaransa a aji shida araha nesa ba kusa ba.

Akwai rukunin da gyaran ne ke ciyar da matsalar. Perverse incentive ita ce ladan da ke sa mutane su ƙara abin da ake son su rage. Ana yi mata laƙabi da cobra effect, sunan da masanin tattalin arzikin Jamus Horst Siebert ya yaɗa a 2001, bisa labarin cewa Turawan mulkin mallaka a Delhi sun sa lada a kan kowane mataccen gamsheƙa, sai mutane suka koma kiwonsa. Wannan labari ba shi da takardun tarihi da ke tsaya masa, don haka mai rubutun ilimi ya fi kyau ya kawo na birnin Hanoi na ƙasar Vietnam a 1902, wanda ke cikin kundin Faransawan da ke mulkinta a lokacin: an biya lada a kan kowace jelar ɓera, sai aka fara ganin ɓeraye marasa jela suna yawo, an yanke an sake su su ci gaba da haihuwa. Kaikayi koma kan masheƙiya ya kusa, amma bai nuna cewa ladan ne ya jawo ba, sai an ƙara bayani.

A wurin aiki, dokar Brooks ta 1975 ta ce ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Fred Brooks ya ga haka a kamfanin IBM, kuma dalilinsa lissafi ne. Sababbin zuwa sai tsofaffi sun bar aikinsu sun koya musu, sannan hanyoyin tuntuɓar juna suna ninkuwa: mutum 5 suna da hanyoyi 10 a tsakaninsu, mutum 10 suna da 45. Manaja ya ga an ƙara makara, ya ƙaro mutane. Haka induced demand take a harkar tituna, a faɗaɗa hanya don rage cunkoso, tuƙi ya yi sauƙi, ƙarin motoci su shigo, cunkoso ya dawo. Whack-a-mole kuwa daga wani wasan na'ura ne na shekarun 1970, inda ake buga kan wata 'yar dabba da guduma ta nutse, wata ta ɓullo ta wani rami. Ana faɗin ta in ana kashe alamu an bar tushe, kamar rufe shafin damfara yau ya buɗe da sabon suna gobe. A yaƙi da miyagun ƙwayoyi sunanta balloon effect: da aka matsa wa noman koka, ganyen da ake yin hodar iblis da shi, a Peru da Bolibiya a shekarun 1990, sai ya koma Kolombiya. Tsugune ba ta ƙare ba, in ji Bahaushe, kuma a nan karin maganar ta zauna daidai.

Ba duk abin da ke maimaituwa ne ke ciyar da kansa ba, wannan kuma darasi ne da ake daɗewa ba a gane ba. Zazzaɓin cizon sauro da ke ƙaruwa duk damina recurring ne ko seasonal, ruwan sama ne ke dawo da shi. Groundhog Day, daga wani fim na 1993 da jaruminsa ke farkawa a rana ɗaya kullum, tana nufin jiya i yau, tare da gajiya da abin. Back to square one ita ce an koma gidan jiya. Going round in circles taro ne da ake ta magana ba a cim ma komai ba. Sisyphean, daga tatsuniyar Girkawa ta mutumin da ke tura dutse kan tsauni yana gangarowa, aikin baban giwa ne. Stuck in a rut mutum ne da sabo ya riƙe. Revolving door tana da ma'ana biyu da ba su haɗa hanya ba: fursuna ko mara lafiya da ake sallama yana dawowa, da kuma jami'in gwamnati da ke barin hukuma ya koma kamfanin da yake sa wa ido, daga baya ya dawo hukumar. Waɗannan duka suna faɗin yadda abin yake a ido, ba su faɗin abin da ke juya shi.

Mai ban sha'awa a cikin masu maimaituwa shi ne wanda zagaye mai daidaita kansa ke haifarwa in an sami jinkiri. Manoman albasa da tumatir sun san shi ko ba su san sunansa ba. Bana farashi ya yi tsada, baɗi kowa ya shuka, kaya suka cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas, shekara mai zuwa da yawa suka gudu, kaya suka yi ƙaranci, farashi ya sake tashi. Masana suna kiran sa hog cycle ko pork cycle saboda a kasuwar aladu aka fara nazarinsa, ko cobweb, sunan da Nicholas Kaldor ya ba shi a 1934 saboda siffar zanensa. In aka yi gwajin kibiya za a ga saɓani ɗaya ne kawai, yawan kaya na rage farashi, don haka ba vicious circle ba ne. Kasuwa gyara kanta take yi, sai dai tana wuce gona da iri saboda manomi da farashin bara yake yanke shawara, amfanin kuma sai bayan watanni. Maganinsa ma daban ne: rumbun adana kaya, sarrafa tumatir zuwa na gwangwani ko busasshe, da sayarwa bisa yarjejeniya tun kafin shuka.

Game da sa su a Hausa, abin da ya fi aiki shi ne a bar neman kalma ɗaya da za ta maye gurbi, a shimfiɗa zagayen a jimla. Maimakon "da'irar mugunta", wadda ba Bahaushen da ke faɗa, a rubuta: rashin abinci mai gina jiki yana raunana yaro, rauni yana jawo masa gudawa, gudawa kuma tana hana jikinsa riƙe ɗan abincin da ya samu. Jimlar ta fi tsawo da kalma ashirin da ɗoriya, amma mai sauraro ya ga gaɓoɓi uku da za a iya datsewa. In wuri ya yi ƙaranci, kamar a kanun labari, "matsalar da ke ciyar da kanta" ko "bashi na haifar da bashi" sun wadatar. Tufka da warwara da kwan-gaba kwan-baya kuwa a ajiye su don manufofin gwamnati da ake kafawa ana rushewa, domin can ne gidansu.

Ga masu rubutu da Turancin kansa, kowace kalma tana da aikatau da ta saba tafiya da shi, kuma mai duba jarrabawa yana lura. Ana cewa caught in ko trapped in a vicious circle, break the cycle, fall into a trap, spiral out of control, set off a chain reaction, reach a tipping point. Ba a cewa break a spiral sosai, an fi cewa halt ko reverse. Snowball tana zama aikatau, the debt snowballed, daga dunƙulen dusar ƙanƙara da ke ƙara girma yana gangarowa, kuma ba dole ta zama sharri ba, kasuwanci ma yana iya yin haka. Chronic tana nufin mai daɗewa, ba mai tsanani ba, kishiyarta acute. Sai kurakuran rubutu biyu da na'urar gyaran haruffa ba ta kamawa, domin duka kalmomi ne na gaske: viscous, wato mai kauri da danƙo irin na zuma, a wurin vicious, da perpetrate, aikata laifi, a wurin perpetuate, sa abu ya ɗore. Jimlar da ta ce wata doka perpetrates poverty ta zargi dokar da aikata talauci, alhali marubucin yana nufin tana sa shi ɗorewa ne.